Yadda Na Yi Aikin Sa Kai Na Farfaɗo Da Tafkin Lambu A Tsakiyar Hunturu

A ƙarshen watan Oktoba na ga wata sanarwa manne a ƙofar wani lambun jama'a da nake yawan ratsawa, ana neman 'yan sa kai da za su taimaka a farfaɗo da ɗan tafkin da ke ƙuryar lambun kafin sanyi ya wuce. Na san tafkin, domin na sha tsayawa a bakinsa ina mamakin yadda aka bar shi ya lalace. Tsawonsa bai wuce mita 9 ba, faɗinsa kuwa kamar mita 6, amma kachalla ta cinye fiye da rabinsa, rassan bishiyoyi sun rufe shi ta sama, ruwan da ya rage kuma ya yi baƙi saboda ruɓaɓɓen ganye. A tunanina na lokacin, aikin bai wuce a kwashe ruwan ba, a share taɓon ƙasa tas, a zuba sabon ruwa, kowa ya kama gabansa cikin kwana biyu. Wannan tunanin ne ya jawo mini yawancin ruɗanin da na shiga a watanni huɗu da suka biyo baya, kuma saboda shi nake rubuta wannan bayani ga duk wanda ke niyyar shiga irin wannan aiki a ƙasar da hunturu ke daskarar da ruwa.

Matakin farko takarda ce. Na aika saƙo zuwa adireshin da ke jikin sanarwar, aka turo mini fom mai shafi uku. Ya nemi sunana da adireshina, sunan wanda za a kira idan wani abu ya same ni, bayanin duk wata rashin lafiya da ka iya tashi a wurin aiki kamar asma ko ciwon baya ko ciwon zuciya, ko na iya iyo, da kuma shekarar da aka yi mini allurar tetanus ta ƙarshe. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta tsayar da ni, domin ban tuna ba. Na bar gurbin babu komai na mayar da fom ɗin, sannan na zauna jira. Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, ban ji ɗuriyar kowa ba, har na fara zaton an cika adadin da ake bukata. Da na gaji na je lambun da kaina, sai na tarar ashe fom ɗina yana ajiye a gefe tun ranar da ya isa, saboda gurbin da na bari, kuma babu wanda ya tuna ya sanar da ni. Abin ya ɓata mini rai, amma da na ga cewa mutum ɗaya ce ke duba takardun gaba ɗaya, ita ma ba biyan ta ake yi ba, sai na haɗiye ƙorafina. Na je asibiti aka duba, aka ƙara mini allurar, tun da a wurare da yawa ana ba da shawarar sabunta ta bayan shekara goma, musamman ga mai aiki cikin ƙasa da ƙarafa masu tsatsa. A nan ne kuma aka bayyana mini cewa sa hannu a fom ɗin ne ke shigar da mutum ƙarƙashin inshorar ƙungiyar da ke shirya aikin, don haka duk wanda sunansa ba ya cikin rajista ba a yarda ya taɓa ko da manjagara ba.

Ba a karɓi ko sisi daga hannuna ba, kuma kayan aiki duk na ƙungiyar ne. Abin da na kashe kuɗina a kai shi ne dogon takalmin roba, da rigar ruwa, da safar hannu. A safar hannun na yi asara, domin na sayi ta yadi mai kauri ina ganin ita ce maganin sanyi, ba a yi minti goma ba ta jiƙe sharkaf ta koma tamkar ƙanƙara a yatsuna. Wadda ta dace ita ce ta roba mai tsawo har gwiwar hannu, a sa siririya ta ulu a ƙarƙashinta. Doguwar rigar robar nan da ke haɗe da takalmi har ƙirji kuwa aro ake bayarwa, kuma kada kowa ya yi gaggawar saya.

Ranar farko, wata Asabar a tsakiyar Nuwamba, mu takwas muka hallara da ƙarfe goma na safe. Jagorarmu wata dattijuwa ce da ta shafe shekaru tana wannan aiki, ba ta da yawan magana amma ba ta barin komai ya wuce ta. Ta ɗauki kusan awa guda tana karanta mana takardar haɗurran wurin: santsin bakin tafki, sanyin ruwa da ke iya kashe jiki cikin 'yan mintuna, yadda ake riƙe zarto, da dokar cewa ba mai shiga ruwa sai akwai wani tsaye a waje yana kallon sa. Ta daɗe a kan cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, wadda wani likita Bajamushe mai suna Adolf Weil ya bayyana nau'inta mai tsanani a 1886. Ƙwayar cutar tana zama cikin ruwan da ba ya gudu, tana shiga jiki ta rauni ko ta ido ko ta baki, kuma alamunta na farko ba su da bambanci da mura mai zazzaɓi, suna iya bayyana daga kwana biyu har zuwa wata guda bayan taɓa ruwan. Aka ba kowannenmu ɗan kati da zai nuna wa likita idan zazzaɓi ya kama shi, aka kuma sa duk mai ƙujewa a hannu ya rufe ta da filasta. Bayan duk wannan, ranar ba mu taɓa ruwan ba sam. Zagayawa muka yi da takarda da biro, muna zana taswirar wurin, muna rubuta inda kowace shuka take, muna auna zurfin taɓo da sanda. Na koma gida gwiwata a sanyaye, ina ganin an ɓata mini Asabar.

Sai daga baya na fahimci dalilin wannan taka-tsantsan. Akwai wata halitta mai siffar ƙadangare, wadda a gaskiya 'yar'uwar kwaɗo ce, da ke hayayyafa cikin irin waɗannan tafkuna, kuma babban nau'inta mai zanko a baya yana ƙarƙashin kariyar doka: dokar muhallan halittu ta Tarayyar Turai ta 1992 ta kare shi, a Birtaniya kuma dokar namun daji ta 1981 ta yi hakan. Inda aka san yana zaune, lalata tafkin ko takura wa halittar ba tare da izini ba laifi ne. Tun a bazarar da ta gabata aka kawo wani mai lasisi ya duba namu da fitila cikin dare bai same shi ba, kuma rahotonsa yana cikin fayil ɗin da jagorar ke yawo da shi tare da takardar amincewar masu lambun. Da babu waɗannan takardu biyu da babu aikin.

Tambayar da ta fi damuna ita ce me ya sa sai da sanyi. Amsar ta kasu biyu, kuma a nan yawancin sababbin shiga ke rikicewa. Sarar itatuwa da datse ƙaya aikin hunturu ne, domin daga Maris zuwa Agusta tsuntsaye suna sheƙa. Shiga cikin ruwa kuwa lokacinsa mafi kyau shi ne kaka, bayan talibambam sun zama kwaɗi sun fita, kafin kuma manyan su kwanta barcin sanyi. Ruwa ya fi nauyi idan zafinsa yana digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka shi ke nutsewa ƙasa yayin da saman ke daskarewa, kuma a cikin wannan ɗan ɗumi na ƙasa wasu kwaɗi, galibi maza, suke binne kansu a taɓo suna shaƙar iska ta fatarsu har sanyi ya wuce. Mu kuwa jinkirin takardu ya sa mun makara. Shawarar da aka yanke ita ce ba za a kwashe ruwan ba, ba za a taɓa wuri mafi zurfi ba, kuma kashi ɗaya cikin uku kaɗai na kachalla da taɓo za a cire a wannan shekara. Na yi gardama a kai, na ce tun da an tara mutane me zai hana a gama gaba ɗaya. Jagorar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in bari sai mun shiga ruwan tukuna.

Asabar uku muka yi a kan itatuwa. Bishiyoyin wilo biyu da ke kudancin tafkin su ne suka tare rana, kuma ganyensu ne ya cika ƙasan ruwan shekara da shekaru. Aka sare su daga gindi da zarton hannu, abin da na ɗauka kisa ne, sai aka nuna mini cewa wilo yana sake tofowa daga kututture, har ma reshen da aka yar a ƙasa mai damshi yakan yi saiwa, shi ya sa aka hana mu barin ko ɗaya a bakin ruwa. Itatuwan arewa ba a taɓa su ba, domin suna kare iska kuma inuwarsu ba ta faɗawa kan ruwan. Manyan gumaguman mun jera su a wani lungu, muka cusa duwatsu da busasshen ganye a tsakaninsu, muka rufe saman da ƙasa, ya zama maɓoyar kwaɗi da ƙwari. Akwai wani tsohon tarin ƙiraruwa da muka yi niyyar kwashewa, ɗaya daga cikinmu ya ɗaga gefensa sai ga bushiya a dunƙule cikin ganye tana barcin hunturu. Muka mayar da ganyen a hankali, aka kafa sanda da ƙyalle a wurin, tarin kuma yana nan har yau.

A cikin Disamba na fara shiga ruwan. Sanyinsa yana ratsa robar kamar babu ita, kuma ba a barin mutum ya wuce minti ashirin a ciki. Kachalla ba ta tumɓukuwa da ja kawai, domin saiwarta tana tafiya a kwance ƙarƙashin taɓo ta sarƙe da ta maƙwabciyarta, sai an sa hannu an bi ta an yanke. Duk inda na taka, kumfa na tasowa da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, alamar ganyen da ya ruɓe inda babu iska. Abin da muka ciro ba a kai shi juji nan take ba. Ana girgiza kowane dami cikin wani farin baho mai ruwan tafkin, sannan a shimfiɗa shi a bakin ruwa ya kwana biyu don abin da ya maƙale ya samu hanyar komawa. A cikin bahon nan ne gardamata ta mutu. Daga dami ɗaya da nake kira datti, na ƙirga katantanwa fiye da goma, da matsattsaku, da ƙananan ƙwari masu iyo da baya, da wata halitta mai launin taɓo, tsawonta kamar gaɓar yatsa biyu, idanunta manya, tana tafiya a hankali a ƙasan bahon. Da na kai mata tsinke sai ta fesa ruwa ta bayanta ta yi gaba kamar an harba ta. Jagorar ta ce tsutsar mazari ce, wadda kan yi shekara ɗaya ko biyu, wani nau'in ma fiye da haka, tana farauta a cikin ruwa kafin ta hau kara ta fasa fatarta ta tashi sama. Da mun kwashe tafkin kamar yadda na so, da mun hallaka mazarin shekaru biyu masu zuwa a yini ɗaya. Can gefe kuma wani ya ciro kwaɗo cikin shebur, jikinsa a sake, idanunsa rabi a rufe, da kyar yake motsa ƙafa. Aka mayar da shi ɓangaren da ba a taɓa ba, aka kuma matsar da iyakar aikinmu baya da taku biyu.

Taɓon da aka kwasa mun tura shi a baro zuwa nesa, inda ruwan sama ba zai wanko shi ya dawo ba, domin cike yake da takin da ke ciyar da gansakuka.

A Asabar ta biyu cikin ruwa na yi ɓarnar da har yanzu nake jin kunyarta. An gaya mana tun ranar farko cewa ƙasan tafkin ba yumɓu ba ne, shimfiɗar roba ce aka binne, don haka ba a shiga da wani abu mai tsini. Wata saiwa ta gagare ni, na miƙa hannu na ɗauko cokalin haƙa mai yatsu huɗu da ke jingine a waje, na danna shi sau ɗaya kawai. Na ji ya shige wani abu mai taushi, na sha jinin jikina, amma na yi shiru ina fatan ba komai. Da muka dawo mako na gaba ruwan ya sauka da kusan taƙi guda. Na faɗi gaskiya, ba wanda ya yi mini faɗa, sai dai an rubuta abin a littafin haɗurra, kuma shirun da na yi ya jawo mana asarar mako biyu. Ruwan da kansa ya nuna inda hujin yake, domin a daidai tsayinsa ya daina sauka. Faci kuma ba ya kamawa sai robar ta bushe ta yi tsabta, gam ɗin ma ba ya son sanyi, don haka sai da muka jira rana mai ɗan haske, muka goge wurin, muka ɗumama shi da gorar ruwan zafi kafin a manna. Ni na biya kuɗin kayan facin, ba don an nema ba. Da na kawo shawarar a jawo tiyo a cika tafkin da ruwan famfo, aka ƙi, saboda yana ɗauke da kulorin, sau da yawa kuma da sinadaran taki da ke sa ruwa ya yi kore. Ruwan sama muka jira, shi kuwa bai ba mu kunya ba.

A wannan tsakanin ne aka gano wata 'yar shuka mai ƙananan ganye a kusurwar gabas, shimfiɗe kamar darduma. Masana suna kiran ta Crassula helmsii, asalinta daga Ostireliya da New Zealand, an shigo da ita Turai ne don ƙawata tafkunan gida, ta kuwa zama annoba har Ingila ta hana sayar da ita a 2014. Ɗan guntun da bai kai farce ba yana isa ya kafa sabuwa. Ita ba a shimfiɗa ta a bakin ruwa ba, ba a kuma kai ta wurin taki ba. An ƙulle ta cikin buhunan leda, an rufe kusurwar da baƙin tamfol mai kauri wanda zai daɗe a wurin har hasken da take bukata ya yanke mata. Daga ranar aka tsananta wankin takalma: a kankare taɓo da buroshi, a wanke, a shanya su bushe sarai kafin a taka bakin wani ruwa. Ba don shukar kaɗai ba, har da cututtukan kwaɗi, musamman wani nau'in fumfuna da aka bayyana a 1999 wanda ya yi wa kwaɗi mummunar ɓarna a nahiyoyi da dama, kuma takalmi mai damshi na iya ɗaukar sa daga wannan tafki zuwa wancan.

Janairu ya zo da ƙanƙara. Sau biyu aka soke aiki, a karo na farko saƙon bai iso ni ba, na yi tafiyar banza na tarar da ƙofa a kulle. Daga nan na koyi tambaya tun daren Juma'a. Da muka samu shiga, tafkin ya daskare, dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi, wani sabon ɗan sa kai ya ɗauko guduma zai fasa don kwaɗi su sha iska. Aka tare shi, domin girgizar dukan tana ratsa ruwa ta cutar da abin da ke ƙasa. Bayanin da aka yi mana shi ne huda rami ba ya ƙara iskar kirki, tun da iska a hankali take ratsa ruwan da ke tsaye. Abin da ya fi amfani shi ne a share dusar daga sama da tsintsiya mai dogon hannu, ana tsaye a waje, don haske ya kai ga shuke-shuken ƙarƙashi su ci gaba da samar da iskar oksijin. Wanda kuma ya nace sai ya buɗe rami, sai ya ɗora tukunyar ruwan zafi a kai ta narke a hankali.

Aikinmu na ƙarshe shi ne gyaran baki. Gefe ɗaya na tafkin a miƙe yake kamar bango, duk abin da ya faɗa ba ya iya fita, saboda haka muka jera duwatsu masu santsi da tsakuwa a kan wata tsohuwar darduma har ya zama gangare mai sauƙi. Ashe yawancin rayuwar tafki a wannan bakin mara zurfi take, inda ruwan bai kai tsawon yatsa ba kuma rana ke saurin ɗumama shi. Dashe an bar shi sai bazara. Wani maziyarci ya yi tayin kawo kifayen ado daga gidansa, aka yi masa godiya aka ƙi karɓa, domin kifi yana cinye talibambam da tsutsotsi, yana kuma tayar da taɓo. Ranar 2 ga Fabrairu, wadda ake tunawa da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan kare dausayi, ƙungiyar ta buɗe wurin ga jama'a, kuma na lura wasu sun tafi ba su gamsu ba, domin abin da suka gani shi ne kututture biyu, baƙin tamfol, da ruwa mai launin ƙasa wanda har yanzu kachalla ke tsaye a cikinsa.

Wanda zai shiga irin wannan aiki, ya nemi fom tun cikin Agusta ko Satumba, ya cika kowane gurbi, ya kuma bi sawunsa bayan mako guda maimakon ya zauna jira. Ya tambayi abin da ke ƙasan tafkin kafin ya ɗauki kowane kayan aiki, idan kuma ya yi ɓarna ya faɗa a take, domin facin da za a yi a ranar ya fi wanda za a yi bayan ruwa ya tsiyaye. Ya riƙa tafiya da kayan canji a cikin leda, har da safa biyu. Kada kuma ya yi alkawarin zuwa kowane mako idan ba zai iya ba, domin da adadin mutane ake tsara wanda zai shiga ruwa da wanda zai tsaya gadi, kuma ranar da muka kasance mu uku kacal ba a bar kowa ya shiga ba.

A makon ƙarshe na Fabrairu na biya ta lambun da sassafe, na tarar da dunƙulen ƙwan kwaɗi guda biyar a kan gangaren da muka gina, kowane ƙwai da ɗigon baƙi a tsakiyarsa, saman dunƙulen ya ɗan leƙo waje da ruwa. Na ƙirga su, na rubuta kwanan wata a takardar rajistar halittu da ke rataye cikin sito, sannan na sa sunana a jerin waɗanda za su dawo a watan Oktoba don kashi na biyu na kachallar.